Jarrabawar Labarin Ƙasa: Me Za a Saya, Wace Tambaya Za a Zaɓa?

Tambaya: Malam, ɗana zai zauna jarrabawar kammala sakandare, ya kawo mini jerin kayan labarin ƙasa: sabon atilas, littattafan tsoffin tambayoyi guda biyu, kalkuleta da akwatin kayan lissafi. Kuɗin hannuna ba za su ɗauki duka ba. Da wanne zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri kan wannan ɗawainiya. Ka fara da mafi araha, domin su ne za su shiga ɗakin jarrabawa tare da shi: rula ta santimita 30 wadda ake hango rubutu ta cikinta, ma'aunin kusurwa, fensir biyu, abin goge fensir, da ɗan zare. Rular katako tana rufe abin da ake aunawa a taswira, kuma in bakinta ya cinye sai awo ya riƙa kuskurewa da milimita ɗaya ko biyu.

Sai littafin tsoffin tambayoyi, ɗaya ya isa. A zaɓi wanda ya zo da taswirar gwaji, ya kuma nuna yadda aka bi lissafi mataki-mataki. Wanda ya jera amsoshi tsura hadda kawai yake koyarwa. Atilas kuwa ana iya arowa. Abin da za a duba shi ne shekarunsa: in babu Sudan ta Kudu a matsayin ƙasa mai zaman kanta, to an buga shi kafin 2011, ko ba a gyara shi ba tun lokacin. Tsaunuka da koguna na nan yadda suke, amma kada a dogara da alƙaluman yawan jama'a na cikinsa.

Abu ɗaya da za a kiyaye: in an yi fotokofin taswira an rage ta ko an ƙara mata girma, ma'aunin taswirar da aka rubuta da lambobi, kamar 1:50,000, ya tashi daga aiki. Ma'aunin da aka zana a layi ne kaɗai yake nan daidai, domin shi ma ya ragu ko ya ƙaru tare da taswirar.

Tambaya: Ina karatu sosai, amma a ɓangaren aikin taswira nake zubar da maki. Shin in bar shi in mai da hankali kan sauran?

Amsa: 'Yata, kada ki bar shi. Nan ne makin ya fi tabbas, domin amsar tana kwance a gabanki, aunawa kawai take jira. Yawancin asarar daga wurare huɗu take fitowa.

Ma'auni shi ne na farko. A taswira mai 1:50,000, santimita ɗaya mita 500 ce a ƙasa, wato santimita biyu kilomita ɗaya. Hanyar da kika auna ta kai santimita 7.4 tsawonta kilomita 3.7 ne. A mai 1:100,000 kuwa, santimita ɗaya kilomita ɗaya ce. Ki rubuta wannan a gefen takarda kafin ki taɓa tambaya ko ɗaya. Hanya ko kogi mai lanƙwasa ba a sa masa rula kai tsaye. Ki bi shi da zare, ki yi alama a inda ya tsaya, sannan ki miƙe zaren a kan rula ba tare da kin ja shi da ƙarfi ba.

Lissafin gangara ya fi kowane cin ɗalibai. A ce wuri ɗaya yana kan layin tsayi (layin da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya a taswira) na mita 450, ɗayan yana kan na 300, bambancin mita 150 ke nan. Tazararsu a taswirar 1:50,000 santimita 6 ce, wato kilomita 3. Kuskuren da aka saba shi ne raba 150 da 3, an haɗa mita da kilomita. Ki mai da kilomita 3 zuwa mita 3,000, ki raba, ki sami 1 cikin 20. Ki nuna kowane mataki a rubuce, domin mai gyara yakan ba da maki kan hanyar da aka bi ko da amsar ƙarshe ta kauce.

Wajen kusurwar alkibla, ki zana layin arewa a kan wurin da aka ce a auna daga gare shi, ki ƙirga yadda hannun agogo ke tafiya, ki rubuta da lambobi uku, kamar 045°. Da yawa suna ɗora ma'aunin kusurwa a kan wurin da za a je, sai amsar ta juye da digiri 180. Lambobin gano wuri kuma, wato na layukan da suka raba taswira gida-gida, na gabas ake fara karantawa, na arewa su biyo baya.

Layukan tsayi in sun matsu, gangaren yana da tsauri. In sun yi tsini a cikin kwari, tsinin yana nuna inda ruwa ke fitowa.

Tambaya: A ɓangaren rubutu, ta yaya zan zaɓi tambaya? Sau da yawa nakan fara sai in ga na maƙale.

Amsa: Ɗana, kana zaɓa ne da kan tambaya, alhali makin yana ƙasa. Ka ɗauki minti biyar ka karanta kowace tambaya har rassanta na ƙarshe, ka duba makin kowane reshe. Wadda ka san farkonta mai maki 4 amma ba ka san reshenta mai maki 10 ba, ka bar ta. Ka kuma duba umarnin da ke sama, domin in an ce a ɗauko daga kowane sashe kai kuma ka tara a ɗaya, rarar ba ta shiga lissafi.

Sannan ka lura da abin da aka ce ka yi. In an ce ka lissafo, gajerun jimloli sun isa. In an ce ka ba da dalili, kowace hujja sai ta zo da "saboda". Rubuta cewa gefen tsauni mai fuskantar iska ya fi samun ruwan sama rabin amsa ne; cikonta shi ne iska mai danshi tana hawa, ta yi sanyi, tururin ya zama gajimare ya zubo. In an nemi zane, ka yi da fensir, ka sa take, mabuɗin da ke bayyana alamomi, da kibiyar arewa.

Tambaya: Sai na sayi kalkuleta mai tsada?

Amsa: A'a, ƙarama ta isa, in dokar jarrabawar ta yarda da ita. Lissafin lokaci ma da ka ake yi: digiri 15 na longitud awa ɗaya ne, digiri ɗaya minti huɗu. In sha biyun rana ta yi a Girinwic da ke Ingila, inda longitud yake digiri 0, uku na yamma ce a digiri 45 gabas, tara na safe a digiri 45 yamma.