An yi wa saniyata allura ta kasa tashi, jabun magani ne?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Saniyata ce ta haihu, kwana 2 da haihuwar hantsarta ta kumbura, sai wani ya zo ya yi mata allurar gentamicin a jijiyar wuya, ya tura maganin gaba ɗaya lokaci guda. Wallahi ko minti 10 ba a yi ba ƙafafunta suka fara rawa, ta gurfana, wuya ya langaɓe, numfashi sama-sama. Da ƙyar likitan dabbobi ya ceto ta. Jabun magani aka yi mata ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya ƙara mata lafiya. Ba lallai jabu ba ne, mai kyan ma yana yin haka. Gentamicin da danginsa irin su neomycin, streptomycin da kanamycin, bayan kashe ƙwayoyin cuta suna iya shiga tsakanin jijiya mai kai saƙon motsi (ba ta jini ba) da tsoka. Kafin tsoka ta motsa sai jijiya ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuma ba ya fita sai da kalsiyam, to maganin nan yana tare wa kalsiyam hanya, saƙo bai isa ba tsoka ta saki, har tsokar da ake numfashi da ita, kuma nan ne haɗarin yake don dabba na iya mutuwa idonta biyu.

Ka ga saniyarka abu biyu suka haɗu mata. Sabuwar haihuwa ce, kalsiyam ɗin jininta ya riga ya yi ƙasa saboda yana tafiya cikin nono, sannan aka antaya mata magani a jijiyar jini da sauri. Gaskiya wannan hanzarin ya fi ba ni haushi, don ko oxytetracycline ma, wani maganin ƙwayoyin cuta na daban, in aka tura shi da gaggawa a jijiya yana kayar da saniya. Dabbar da aka ba maganin barci don tiyata ko mai ciwon ƙoda su ma suna cikin haɗari.

In ta sake faruwa a tsayar da allurar nan take, a tokare ta ta kwanta kan ƙirjinta kar ta kife gefe ciki ya kumbura, kar a ɗura mata ruwa don haɗiya ma tsoka ce, za ta shaƙe. A kira likita, yakan sa mata kalsiyam a jijiya a hankali yana sauraron zuciyarta, wani lokacin ya haɗa da neostigmine, maganin da ke taimaka wa saƙo ya isa tsoka. Don Allah kar ka gwada kalsiyam ɗin da kanka, in ya shiga da sauri zuciya yake tsayarwa. Ka ajiye kwalbar maganin ka nuna masa, ka faɗa masa mil nawa aka yi.