Tambayoyin Manoma: Rage Ruwa Ba Tare Da Rage Amfani Ba

Tambaya: Malam, ina noman shinkafar rani a Kura. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin ban ruwa ke cinye min riba. Dole ne shinkafa ta zauna cikin ruwa kullum?

Amsa: Ba dole ba ne, Alhaji. Shinkafa jure ruwa take yi, babban aikin ruwan da muke tarawa shi ne danne ciyawa. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta daɗe tana koyar da wata dabara mai araha. Ka samo bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda shi, ka kafa rabinsa a ƙasa kusa da kunya, ka kwashe taɓon da ke ciki. Mako 2 da dashe, ka bar ruwan gonar ya tsotse. Kowace safiya ka leƙa bututun. Muddin kana ganin ruwa, jijiya tana sha, ko da saman ƙasa ya fara tsagewa. Sai ya kai gindin bututun, wato santimita 15 ƙasa, za ka tayar da inji ka cika zuwa santimita 5. Ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin 100 ba tare da buhu ya ragu ba.

Amma a kiyaye. Daga mako 1 kafin ta fitar da kai zuwa mako 1 bayan fure, kada ruwa ya yanke, in ba haka ba ƙaiƙayi za ka girbe. Ƙasa mai yashi ko mai kanwa ba ta son wannan dabara. Kuma in gonar ba ta baje daidai ba, bututun zai yi maka ƙarya, tudu na ƙishi kwari na ninƙaya. Mutanenmu sun fi son sayen sabon inji da baje gona, alhali bajewar ce ta fi riba.

Tambaya: Tumatirina yana baƙi a gindi. Wane magani zan fesa?

Amsa: Ajiye kuɗinka. Yawanci ban ruwa ne ba tsari, yau ƙishi gobe ambaliya, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga 'ya'yan. Ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan lokaci, da safe ko da yamma, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a komi don laima ta daɗe.

Tambaya: Ni mace ce a yankin Illela ta jihar Tawa. Gonar da na gada faƙo ce, ruwan sama wucewa yake.

Amsa: Hajiya, maganin a ƙofarki yake, don yankinku ya yi suna da tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwan sama. Tun da rani a haƙa ramuka, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15, tazarar taku guda. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu 1 ko 2 a kowane rami; gara za ta bi shi ta yi hanyoyin da ruwa zai shige. Da an yi ruwan shuka a sa gero ko dawa. Aikin da nauyi, gara ki kira gayya, ki fara da ɓangare ɗaya bana.