Shay Given: Golan Da Ya Yi Suna Ba Da Kofi Ba

Tambaya: Ina yawan jin masu sharhi suna saka Shay Given cikin manyan gololin Firimiya, alhali ban taɓa jin ya ɗaga wani babban kofi ba. Me ya yi da har ake yaba masa haka?

Amsa: Gaskiya ne, bai ɗaga ba yana tsaron raga. Amma kafin a yanke wa mai tsaron raga hukunci, a fara duba su waye a gabansa.

An haifi Given a 1976 a Lifford, cikin yankin Donegal na ƙasar Ireland. Ya taso a Celtic, ya koma Blackburn, sannan koci Kenny Dalglish ya kai shi Newcastle a 1997. Nan ya yi kusan shekara 12, wasa sama da 450. Newcastle ta wancan lokaci ƙungiya ce mai son kai hari, ga Alan Shearer a gaba, amma bayanta a buɗe yake. Wanda ya kalli wasansu da Liverpool a Disambar 2008 zai gane abin da nake nufi. An ci Newcastle 5-1 a gidanta, amma da aka tashi, golan da aka zura wa biyar shi ake ta yabo, domin tun farkon wasa yake tare ƙwallayen da kowa ya ɗauka sun shiga. Ba don shi ba, da abin ya fi haka muni. Makonni kaɗan bayan nan ya tattara ya koma Manchester City.

Ba dogo ba ne idan aka jera shi da sauran gololi, kuma bai cika fitowa kama ƙwallon kwana ba. Ƙarfinsa saurin motsi ne a kan layi, da iya toshe ɗan wasa idan sun rage su biyu. Shi ya sa 'yan wasan Firimiya da kansu suka zaɓe shi gola a tawagar gwarazan shekara sau biyu, a 2002 da 2006. A wurina wannan shaida ta fi ta kowane mai sharhi, tunda masu buga masa ƙwallo ne suka ba da ita.

Maganar kofi kuwa, ya sha zuwa bakin ƙofa. Arsenal ta doke shi a wasan ƙarshe na kofin FA a 1998, ta sake doke shi 4-0 a 2015 yana Aston Villa. Da City ta ɗauki kofin a 2011, yana benci, Joe Hart ya karɓe masa raga.

Ƙasarsa ya tsare wa raga sau 134. A kofin duniya na 2002 sun yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Jamus, sai Sifaniya ta fitar da su da bugun fenariti. Shi ne kuma a raga a Faris a Nuwamban 2009, a wasansu da Faransa na neman gurbin kofin duniya na 2010, lokacin da Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu ya miƙa wa William Gallas ya ci. Given ya ruga wurin alƙalin wasa yana dukan hannunsa, yana nuna masa abin da ya faru, amma ƙwallo ta zauna, Faransa ta tafi gasar a Afirka ta Kudu.

Bai rasa tabo ba. A 1997 ya ajiye ƙwallo a ƙasa bai san Dion Dublin na Coventry yana bayansa ba, Dublin ya lallaɓo ya jefa ta raga. Har yau ana nuna hoton, kuma shekararsa 21 ne a lokacin.