Man Kifi Ga Karnuka: Wanne Za A Saya, Nawa Za A Ba Su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Karena ya kai shekara 9, nauyinsa kilo 20. Kwanakin nan da ƙyar yake miƙewa da safe, ƙafafunsa na baya kamar a sage. An ba ni shawarar man kifi. Ina da wanda nake sha da kaina, an rubuta miligiram 1,000 a jikin kwalbar. Ƙwaya ɗaya a rana ta isar masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi sauƙi. Shawarar da aka ba ka tana da tushe. A 2010 mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga bincike kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi, inda waɗanda aka ƙara wa man kifi a abinci suka fi sauran iya taka ƙafar da ke ciwo.

Sai dai lambar nan ta 1,000 ita ce ke rikita mutane, domin nauyin man ne gaba ɗayansa. Abin da ke aiki a cikinsa sinadarai biyu ne na dangin omega-3, EPA da DHA, su ne ke rage kumburi a gaɓa. Ka juya kwalbar ka duba bayanta. Ƙwayar da aka fi sayarwa tana ɗauke da EPA miligiram 180 da DHA 120, jimla 300 ke nan. Shi kuwa kare mai kilo 20 da ciwon gaɓoɓi, adadin da likitocin dabbobi kan kai shi yana kusa da miligiram 2,900 a rana, kuma iyakar da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta sa a 2006 ta kama wajen 3,500 ga mai wannan nauyi. Ka ga ke nan ƙwaya ɗaya ko kusa ba ta kai ba, sai ya haɗiye kusan goma. Shi ya sa na fi son mutum ya sayi mai kauri, wanda ƙwaya ɗaya ko cokali ɗaya ke ɗauke da EPA da DHA masu yawa. Idan za ka kwatanta kwalabe biyu, jimlar waɗannan biyun za ka kwatanta, girman kwalba ba ya nuna komai.

Kada ka fara da cikakken adadin. Ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu, a cikin abinci, ka riƙa ƙarawa duk bayan 'yan kwanaki kana lura da kashinsa. Da ka ga zawo ko amai, ka koma adadin baya. Sannan ka yi haƙuri, sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a san ko ya karɓe shi.

Kafin duk wannan ina roƙonka ka kai shi likitan dabbobi ya duba shi. Man kifi taimako yake yi, idan ciwon ya yi nisa sai an haɗa da maganin rage zafi. Kuma mai ne, yana sa ƙiba, ƙiba kuwa ita ce babbar mai cutar gaɓoɓin tsohon kare, don haka ka ɗan rage masa abinci daidai da man da ka ƙara. Karen da ya taɓa ciwon fankiriyas (wani sashe ne a cikin ciki mai taimakawa wajen narkar da abinci), ko yake shan maganin tsinka jini, ko ake shirin yi masa tiyata, ba a ba shi sai likita ya amince. Naka na mutane zai iya sha in man kifi ne zalla. Masu zaƙi da ake taunawa kam ka nisanta su da shi, ana iya samun sinadarin zaƙi mai suna zailitol a cikinsu, wanda guba ne ga kare.

Tambaya: Malam, na ga man hantar kifi da kuma man 'ya'yan filaks, dukkansu an rubuta omega-3. Wanne zan ɗaukar wa karyata?

Amsa: Hajiya, in don omega-3 ne, ki bar su duka biyun. Man hanta cike yake da bitamin A da D, waɗanda jiki ke tarawa ba ya fitar da su ta fitsari. Kafin ki kai adadin EPA da DHA da ake buƙata, kina iya wuce gona da iri a bitamin ɗin, D kuwa in ya yi yawa ƙoda yake taɓawa. Na filaks, wanda man tsiro ne, ba shi da wannan haɗari, amma omega-3 ɗinsa wani nau'i ne daban da ake kira ALA, kuma kaɗan ƙwarai jikin kare ke iya juyawa zuwa EPA. Ki nemi man da aka tatso daga jikin ƙananan kifaye irin su sadin da ancobi. Gajeren rai gare su, ba sa tara sinadarin makuri mai guba kamar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. In kwalbar ta nuna wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna tsabtar man, ya fi kwanciyar hankali.

Ki sayi ƙaramar kwalba mai duhu wadda za ta ƙare da wuri. Iska da haske da zafi suna lalata wannan mai, don haka na ruwa a firji ake ajiye shi bayan an buɗe. Ɗan ƙarni ba komai, amma in ya koma wari mai ɗaukar hanci, ki zubar.

Tambaya: Ɗan kwikwiyona susa yake yi dare da rana, har gashi ya fara zubewa. Man kifi zai warkar da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan susa tana da sanadi, kuma shi za a fara nema. Ka buɗa gashin gindin wutsiya da ciki ka duba ƙuma ko kaska. In ba ka ga komai ba, likita zai kankari fatar ya duba ƙwayar ƙazuwa, wadda ido ba ya gani, wani nau'inta ma yana kama mutanen gida. Babu man da ke kashe waɗannan. In an bincika aka ga jikinsa ne ba ya jituwa da wani abinci ko ƙura, a nan man kifi ke rage ƙaiƙayi ya gyara gashi, tare da maganin da likita ya rubuta. Ka tafi da buhun abincinsa ko hoton bayan buhun, domin abincin kwikwiyo da yawa an riga an sa musu DHA, likitan zai lissafa da shi kafin ya ƙara wani.