Filin Tambaya da Amsa: Dardumar Saƙar Hannu, Kayan Aikinta da Tarihinta

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun karkata ne ga batun darduma da kafet na saƙar hannu, don haka muka zaɓi guda biyar daga ciki, muka taƙaita su, muka amsa gwargwadon nauyin kowace.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kafet wanda mai kanti ya tabbatar mini cewa aikin hannu ne, amma bayan 'yan watanni sai na ga wani farin gari yana zuba daga ƙarƙashinsa, kuma bayansa a rufe yake da yadi. Shin yaudarata aka yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai kantin ya faɗa miki rabin gaskiya ne ya riƙe rabi, domin a ƙarƙashin sunan aikin hannu akwai sana'o'i iri-iri waɗanda ba su yi kusa da juna ba, ko a wahala ko a ƙarko. Bisa siffar da kika bayar, naki irin wanda ake yi da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga ne. Ana ɗame yadi a jikin katako, a zana fasalin ado a kansa, sannan ma'aikaci ya riƙa harba zaren ulu yana ratsa yadin. Da yake babu ƙulli ko ɗaya da ke riƙe da zaren, tilas a shafe bayan da gam na roba, a manna wani yadin a rufe. Farin garin da kike gani gam ɗin ne ya bushe yana marmashewa, kuma idan ya fara haka gyara ba ya daɗewa.

Saƙar da masana ke nufi in sun ce dardumar hannu ita ce ta ƙulli. Masaƙi zai jera zaren tsaye a kan masaƙa, ya ɗauki guntun zaren ulu ya ɗaura shi a kan zare biyu maƙwabtan juna, ya yanke da wuƙa, ya wuce na gaba. Idan layi ya cika sai ya ratsa zaren kwance sau ɗaya ko biyu, ya danne shi da wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, sannan ya soma sabon layi. Ƙulli iri biyu ne suka fi shahara. A ƙullin Turkiyya zaren yana zagaye duka zaren tsayen biyu, bakinsa biyu su fito ta tsakiya. A ƙullin Farisa kuwa, wato Iran ta yau, ɗaya kawai yake zagayewa, ya ratsa ta ƙarƙashin ɗayan, wanda hakan ke ba da damar matse ƙulli da fitar da zane mai lanƙwasa. Rabon bai bi iyakar ƙasa ba, domin masaƙan Tabriz, duk da cewa a Iran suke, ƙullin Turkiyya suka fi yi. Akwai kuma saƙa ta uku wadda ba ta da gashi sam, wato kilim, inda zaren kwance mai launi shi ne ke fitar da zanen.

Nan gaba, Hajiya, kafin ki yaba fuskar darduma ki kifa ta ki dubi bayanta. A ta ƙulli za ki ga zanen ya fito sarai a baya kamar yadda yake a gaba, za ki iya ƙirga ƙullin ɗaya bayan ɗaya, kuma layukan ba za su rasa 'yar karkata ba. Gezar da ke bakinta ƙarshen zaren tsayen ne da kansa, saɓanin ta inji wadda galibi ɗinka mata geza ake yi daga baya.

Tambaya: Na gaji wata tsohuwar darduma daga mahaifina. Jan da ke tsakiyarta bai daidaita ba, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske a layi-layi, sannan wuraren da ke da baƙi sun lotsa fiye da sauran. Lalacewa ce ko kuwa aikin ne marar kyau? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, kuma ina ba ka shawarar ka riƙe wannan darduma da kyau, domin alamu biyun da ka ambata sun fi nuna tsufa da rinin gargajiya. Makiyaya da mutanen ƙauye ba sa rina ulun darduma guda a tukunya ɗaya. Sukan rina abin da ya samu, idan ya ƙare a tsakiyar aiki su sake rina wani, sabon kuwa ba zai taɓa zama daidai da na farko ba. Ƙari a kan haka, zaren da aka kaɗa da mazari kaurinsa ba ɗaya ba ne, saboda haka wani sashe ya fi wani shan rini. Wannan sauyin launi shi dillalan darduma ke kira abrash, kuma har wasu masana'antu kan kwaikwaye shi da gangan saboda masu saye suna nemansa. Baƙin da ya lotsa kuwa dalilinsa shi ne a da ana haɗa baƙin rini da sinadarin ƙarfe, wanda kan ci ulu a hankali cikin shekaru masu yawa.

Marinan dā suna samun ja daga saiwar tsiron da Larabawa ke kira fuwwa, shuɗi daga baba, rawaya daga ɓawon rumman da wasu ganyaye, kore kuma sai an rina sau biyu, a tsoma a shuɗi sannan a tsoma a rawaya. Daga ƙarni na 16 wani ja mai zurfi ya shigo, wanda ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro na ƙasar Meziko, 'yan kasuwar Sifen suka yaɗa shi. Yawancin waɗannan launuka ba sa kama ulu sai an fara jiƙa shi a ruwan alif, amma baba ba ya bukatar haka.

A shekarar 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya gano rinin sinadari na farko, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya irinsa ya isa hannun masaƙan Gabas saboda araha da sauƙi. Rinin farko-farkon yana zuba, yana koɗewa a rana, har hukumomin Farisa suka kafa dokar hana amfani da shi don kare sunan hajarsu. Na zamani ya inganta ƙwarai, ba kuma aibi ba ne a same shi a darduma. Duk da haka ni a ganina na tsiro ya fi tsufa da kyau, domin laushi yake ƙarawa maimakon ya dusashe. Masu wannan ra'ayi ne suka kafa shirin DOBAG a yammacin Turkiyya a 1981, inda masanin sinadarai ɗan Jamus Harald Böhmer, tare da Jami'ar Marmara, ya taimaka wa matan ƙauyuka suka koma ga rinin kakanninsu.

Game da ulun kansa, mafi kyau shi ne wanda aka aske daga tunkiya mai rai, saboda yana riƙe da maiƙonsa, yana sheƙi, kuma in an danna shi yana miƙewa. Wanda aka kankare daga fatar dabbar da aka yanka a wurin jima busasshe ne, yana karyewa. Ka shafa dardumar da tafin hannunka da ɗan ƙarfi, idan gashi mai yawa ya biyo ka to ulun ba na kirki ba ne.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, kuma na ji ana cewa Farisawa ne suka ƙirƙiro saƙar darduma. Haka ne?

Amsa: Masana sun saɓa a kan wannan har yau, ɗalibi. Dardumar ƙulli mafi tsufa da ta iso mana kusan a cike ita ce ta Pazirik, wadda masanin tona kayan tarihi ɗan Rasha Sergei Rudenko ya gano a 1949 a wani kabarin sarauta a tsaunukan Altai na Saiberiya. Ruwa ne ya shiga kabarin ya daskare, ƙanƙara ta adana ta tun wajen ƙarni na 5 ko na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tsawonta kusan mita 2 ne, faɗinta mita 1.83, tana da ƙulli wajen 36 a kowane murabba'in santimita, an yi mata ado da mahaya dawaki da bareyi, kuma tana gidan tarihi na Hermitage a birnin San Fitasbag. Wasu na danganta ta da Farisa, wasu da Armeniya, wasu da makiyayan tsakiyar Asiya. Abin da kyawun aikinta ke tabbatarwa shi ne sana'ar ta riga ta nuna tun kafin a saƙa ta.

A yankin Anatoliya, a Turkiyya ta yau, an samu dardumomin zamanin Saljuƙawa na ƙarni na 13 a masallacin Ala'uddin da ke Konya a 1905. Dardumomin Turkiyya sun shiga Turai da daraja mai yawa, har attajirai kan shimfiɗa su a kan tebur saboda ƙyashin a taka su, kamar yadda zane-zanen ƙarni na 16 suka nuna. Masar ta zamanin Mamluk ta yi nata salon a Alƙahira, matan Amazig na tsaunukan Maroko ma suna da nasu mai kauri da dogon gashi.

Inda Farisa ta yi zarra shi ne zamanin daular Safawiyya, lokacin da masu zanen fada suka fara tsara fasali a takarda masaƙa na bi, aka samu furanni da rassa masu lanƙwasa a maimakon siffofi masu kusurwa. Babban misali shi ne dardumar Ardabil ta zamanin Shah Tahmasb, wadda ke ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, daidai da 1539 zuwa 1540, da sunan Maƙsud na Kashan. Tsawonta ya haura mita 10, faɗinta ya haura mita 5, zaren tsaye da na kwance na alharini ne, gashinta na ulu, ƙullinta kuma wajen miliyan 26. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya saye ta a 1893, 'yar'uwarta da aka saƙa su tare kuma tana Los Anjalis a Amurka. Sarki Akbar na daular Mughal ta Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, shi ya kafa masaƙun fada a Agra da Lahor. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya saƙar darduma ta Fars da ta Kashan a Iran da ta ƙasar Azarbaijan cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Tambaya: Wani dillali ya ce mini yawan ƙulli shi ne ma'aunin inganci, kuma mai ƙananan ƙulli sai yatsun yara ke iya yin ta. Gaskiya ne?

Amsa: Maganarsa ta farko tana da gyara, Alhaji, ta biyu kuwa ƙarya ce mai cutarwa. Yawan ƙulli yana nuna yawan aiki. Idan aka ƙaddara darduma mai mita 2 da mita 3 tana da ƙulli 25 a kowane murabba'in santimita, jimla ƙulli miliyan 1.5 ke nan, masaƙin da ke ɗaura 10,000 a yini kuwa sai ya yi kwana 150 a kanta shi kaɗai. Amma ana kwatanta ƙulli ne tsakanin dardumomi masu salo ɗaya. Ta alharini daga Hereke ta Turkiyya ko Ƙum ta Iran tana bukatar matsattsen ƙulli, ta makiyaya irin gabbe kuwa manyan ƙulli ne adonta, kuma mai ulu nagari da rini nagari takan fi wadda ta ninka ta ƙulli daraja. Akwai ma wayon da ake yi na ɗaura ƙulli a kan zare huɗu maimakon biyu, aiki ya ragu da rabi, ƙarko ma ya ragu.

Batun yatsun yara hujja ce ta masu neman ma'aikata marasa tsada, domin manyan ƙwararru da suka shekara a bakin masaƙa su ne ke yin aiki mafi ƙanƙantar ƙulli. Iqbal Masih, yaron Pakistan da ya kuɓuta daga bautar bashi a masaƙar kafet ya kuma tona asirinta ga duniya, an harbe shi a 1995 yana ɗan shekara 12. Kailash Satyarthi na Indiya, wanda ya samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 2014, ya kafa tsarin tambarin Rugmark a 1994, wanda yanzu ake kira GoodWeave, don tantance masaƙun da ba sa sa yara aiki. Ya dace mai sayen sabuwar darduma ya tambayi wannan tambari ko makamancinsa.

Tambaya: Yaya zan kula da dardumar ulu, kuma yaya zan gane alharini na gaske?

Amsa: Malama, ki riƙa juya ta lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya sha taku da rana shi kaɗai, ki share ta ta inda gashin ya kwanta, kada kuma ki bar ta da laima, domin zaren audugar da ke cikinta ruɓewa yake yi. Asu ya fi son wurin duhu da ba a taɓawa, saboda haka ki riƙa duba sashen da ke ƙarƙashin kujera. In abu ya zube a kanta ki danna da farin ƙyalle ya tsotse, kada ki goga, in kuma za a ajiye ta a naɗe ta, kada a ninke. Game da alharini, ki zare sili ɗaya daga gashin ki ƙona. Na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya bar ɗan baƙin dunƙule mai marmashewa, na jabu kuwa, wanda ake yi da auduga mai sheƙi ko zaren itace, warin ƙonanniyar takarda yake yi ya bar toka mai laushi.