Yunit na ƙarewa da wuri, aiki kuma bai ƙaru ba

Tambaya: Malam, ina da injin casar shinkafa a Kura. Kwanan nan yunit ɗin mita na ƙarewa da wuri, alhali buhunan da nake casa ba su ƙaru ba. Ɗana ya ce akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke gano irin wannan. Za ta yi mini amfani?

Amsa: Alhaji, ka kyauta da ka ƙirga yunit, domin tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kowane yunit, kuɗi ya daina nuna yawan wutar da aka sha.

Ɗanka ya yi gaskiya. A manyan masana'antu mita kan rubuta abin da injuna suka ja duk minti 15 ko 30. Sai a ɗora wa kwamfuta bayanan watanni, ta koyi halin wurin: yaushe ake tada inji, nawa yake ci da rana, nawa da dare. Daga nan takan yi hasashen abin da ya kamata a sha, in mita ta nuna saɓanin haka ta yi gargaɗi. Sai dai ba ta faɗin dalili, kuma in bayanan damina kaɗai ta koya, da kaka ta shigo aiki ya yi yawa za ta dinga ƙarar ƙarya. Ga mai inji ɗaya, a ganina littafi da biro sun wadatar tukuna.

Kullum ka rubuta yunit na safe da na yamma, ka raba bambancin da yawan buhun da aka casa. In wutar buhu ɗaya tana hawa, duba boris, ko bel da aka ɗaure tamau, ko shanshera mai danshi. Ka sa mai gyaran lantarki ya auna amfiya, wato yawan wutar da ake ja, a layuka ukun motar da ke juya injin, ya gwada da abin da ke rubuce a jikin farantinta. Layi ɗaya in ya bambanta sosai, koyil na shan zafi. Wata rana kuma ka kashe komai bayan an tashi. In mita ta ci gaba da cin yunit, ko waya na yoyo, ko wani ya jona a layinka.

Tambaya: Samo, wato famfon da ke cikin rijiyar burtsatse ta gonata, yanzu ba ya jan wuta kamar da, amma ruwan ya ragu.

Amsa: Kada ka yi murna, ɗan'uwa. Wajen Maris da Afrilu ruwan ƙasa kan sauka, famfo ya fara zuƙar iska, nauyi ya ragu a kan motar da ke juya shi. Ruwan nan shi ke sanyaya ta, rashinsa zai ƙone ta. Kashe famfon, a auna zurfin ruwan, a ƙara saukar da shi in rijiyar ta ba da hali, sannan a sa masa na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya ƙafe.