Tambaya da Amsa: Hotunan Waliyyai Gaskiya Suke Faɗa?

TAMBAYA: 'Yata ta duba kalandar da muka saya a coci, ta ce, "Mama, ashe waliyyai duk Turawa ne?" Na rasa abin da zan ce mata. Ƙarya masu zanen nan suke yi mana?
Wata uwa, daga Kafanchan

AMSA: 'Yar'uwa, ki gaishe mini da yarinyar nan, tambayarta ta yi ma'ana.

Yawancin waliyyan farko ba wanda ya zana su suna raye. Shi ya sa ake gane Bitrus da mabuɗai a hannu, Bulus da takobi, ba da fuska ba. Taron ikilisiya na Nikiya a shekarar 787 ya ce girmamawar da ake yi wa hoto tana komawa ne ga wanda aka zana. Har nan ba ni da ja.

Inda nake da ja shi ne a sauya abin da aka sani. An haifi Waliyyi Agustin a shekarar 354 a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, amma masu zanen Turai suka mai da shi kamar ɗan garinsu. Waliyyi Moris sojan ƙasar Masar ne, kuma tun wajen shekarar 1240 aka sassaƙa shi baƙin mutum a babban cocin Magdeburg na Jamus. Ashe idan an so, ana iyawa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin hotunan Waliyyiya Tereza ta Lisiyo, 'yar Faransa, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, bayan tarin fuka ya cinye ta. Yayarta Selin ta yi ta gyara hotunanta, tana ƙara mata kyau da taushin fuska. Ƙauna ce ta sa, na sani. Amma da aka fitar da hotunan asali a 1961, sai aka ga idon mace mai ƙarfin hali wadda ta sha wuya. Mara lafiya da ke kwance a asibiti wannan fuskar yake bukatar gani.

Ki nemo wa 'yarki hoton Josefin Bakita, 'yar Darfur da aka sayar baiwa tana ƙarama, ta rasu a Italiya a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. Nata hoton kyamara ne. Ki haɗa da shahidan Yuganda na 1886, ki kuma roƙi Fada a sa su a kalandar baɗi.